Gindin bangon gidanmu ya ƙi bushewa, filasta sai ɓamɓarewa take yi

Ɗan Albaba:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san gini. Gidanmu na gado ne a cikin garin Katsina, ginin ƙasa tun na kakanmu, tubali da azara, sai dai shekarun baya an yi mashi filastar siminti ta waje. Bangon da ke kallon lungu, wanda shi ne bayan ɗakin Inna, daga ƙasa har kusan ƙugun mutum kullum a jiƙe yake. Ta ciki fenti ya kumbura yana zuba, ga wani farin gari da ke tsatsowa, in an share ya dawo. Katifa in ta taɓa bangon sai ta yi funfuna, ɗakin kuma yana wari. Ta waje filastar ta tsattsage, in ka ƙwanƙwasa wani wurin sai ka ji holoƙo. Wani mai gini ya ce a kankare a sake filasta da siminti mai ƙarfi, wani ya ce a liƙa tayil. Yayana ya ce a rushe a sa bulo kowa ya huta, Inna kuma ta ce ba mai rushe mata ɗakin da aka kawo ta. Don Allah ina mafita?

Mai Tayil:
Wa alaikumus salam. Mai gida, tayil ne maganinka. A liƙa daga ƙasa zuwa ƙafa 4 ciki da waje, ruwa ba ya ratsa tayil. Na yi wa gidaje da yawa a Kofar Kaura da Rafin Daɗi, ba wanda ya dawo mani da ƙorafi.

Na Kofar Guga:
Ni dai ina bayan yayanka. Zamanin ginin ƙasa ya wuce. Duk watan Agusta sai mun ji bango ya faɗa wa mutane suna barci. Kuɗin da za ku yi ta kashewa a faci, ku haɗa ku sayi bulo.

Injiniya:
Ɗan Albaba, kafin a yi maganar magani, ina so ka amsa mani wasu tambayoyi, don danshin bango ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne da hanyar da ruwa ke bi ya shiga. Jiƙar tana tsayawa a layi ɗaya miƙaƙƙe tun daga farkon bangon har ƙarshensa, ko tabo-tabo ce nan da can? Da rani, lokacin hunturu da bazara, tana bushewa ƙaf ko raguwa kawai take yi? Bangon gabas yake kallo ko wani ɓangare? Akwai bututun famfo, ko makewayi, ko sokawe, ko kwata kusa da shi, naku ko na maƙwabta? Sannan ka tsaya a bakin ƙofa ka duba da kyau: daɓen ɗakin Inna ya fi lungu tudu, ko lungun ne ya fi shi?

Abin da ya sa nake tambaya shi ne, ruwan da ke taso wa bango daga ƙasa yana da kamanninsa. Daga gindi yake farawa, ya hau ya tsaya a wani tsayi, galibi bai cika wuce mita 1 ba, ya bar zane a inda ya tsaya, da farin gishiri a bakin zanen. Wanda ke saukowa daga rufi daga sama yake farawa, ya yi zirara-zirara zuwa ƙasa, kuma bayan an yi ruwa yake bayyana. Na bututun da ya fashe tabo ne guda, ya fi jiƙa a tsakiya, ba ruwansa da damina ko rani. Akwai kuma wanda iska ke watsa wa bango lokacin hadari, shi bangon gabas ya fi ci. In ba a gane wanne ba ne, duk abin da aka shafa asarar kuɗi ce.

Baba Magini:
Injiniya ya yi magana. Ni tun ina yaro nake bin mahaifina kwaɓa, har yau kuma hannuna bai bar ƙasa ba. Ɗana, tun da ka ce an yi wa ginin ƙasa filastar siminti na san rabin ciwon. Siminti da ƙasa ba su zama tare. Ƙasa in ta sha ruwa takan ɗan kumbura, in ta bushe ta koma, shi ko siminti ƙam yake, ba ya motsi. Sai su rabu, shi ne holoƙon da kake ji. Ruwa ya bi tsaga ya shiga bayan filasta, rana ba ta ganinsa, iska ba ta kaɗa shi, sai ya zauna yana cin tubali a ɓoye. Daga waje kana ganin bango sumul, ciki ko ya zama taɓo. Yawancin bangayen da na ga sun faɗi a cikin garin nan da damina, masu rigar siminti ne. Na ƙasa zalla yana nuna maka ciwonsa tun da wuri ka bi shi da yaɓe.

Mai Tayil:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ai siminti ba ya shan ruwa kamar ƙasa. Ta yaya abin da ke hana ruwa zai zama shi ne ke kawo shi?

Injiniya:
Ba shi ke kawo ruwan ba, hana shi fita yake yi. Ƙasa da tubali da bulo duk cike suke da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, su ke jan ruwa daga ƙasa zuwa sama yadda lagwani ke jan kananzir a fitila. Ruwan yana hawa, iska tana busar da shi ta fuskokin bangon biyu. Inda busarwa ta yi daidai da jan, nan yake tsayawa. To idan ka rufe fuskar waje da siminti mai ƙarfi ko tayil ko fenti mai mai, ka toshe mashi ƙofa ɗaya, sai ya ƙara hawa sama, ya kuma fito ta cikin ɗaki. In ka rufe ciki da waje kamar yadda ka ce, zai haura saman tayil ɗin ya fito, gindin bangon kuma ya dawwama a jiƙe. A ginin ƙasa nan ne haɗarin, don ƙasa in ta jiƙa ƙarfinta raguwa yake yi sosai, kuma gindin shi ke ɗauke da nauyin bangon duka da azara da ƙasar rufi.

Ba ina kushe sana'arka ba ne, Malam. Tayil yana da wurinsa. A ginin bulo da aka shimfiɗa wa leda ko kwalta a kan harsashi, wanda ruwan ƙasa ba ya hawansa, tayil a gindin bango ta waje yana kare fallatsin ruwan sama, yana da amfani. Waɗanda ka yi wa aiki ba su dawo ba, mai yiwuwa irin wannan ginin ne. A bangon ƙasa mai danshi kuwa ɓoye ciwo ne kawai.

Maman Sadik:
Ni dai abin da ya dame ni tsohuwar da ke kwana a ɗakin. Mun zauna gidan haya mai irin wannan danshin, ɗana mai asma bai taɓa samun lafiya da damina ba sai da muka tashi. Don Allah ku janye gadonta daga jikin bangon, a riƙa buɗe taga, a fitar da katifa rana. In akwai wani ɗakin ma ta koma kafin a gyara.

Ɗan Albaba:
Na gode ƙwarai. Injiniya, na je na duba. Jiƙar layi ɗaya ce, amma ta fi hawa a kusurwar da ke kusa da gidan maƙwabcinmu. Da rani tana raguwa, ba ta bushewa ƙaf. Bangon arewa yake kallo. Ba mu da famfo a wannan ɓangaren. Maganar tudu kuma, lungun ya fi daɓen ɗakin tsawo da kusan taku ɗaya. Inna ta ce lokacin da aka kawo ta hawa ake yi a shiga gidan, yanzu ko gangarawa muke yi. An sha zuba ƙasa a lungun saboda taɓo, kowa kuma yana ɗaga ƙofar gidansa. Kwatar wankan maƙwabcinmu ta gindin bangon take bi kafin ta kai lambatu, ba a gina ta ba, rami ne kawai a ƙasa. Indararon da ke wannan gefen ya karye, ɗan guntu ya rage.

Baba Magini:
To ai ka ga ɓarayin naka, har uku. Ƙasar lungu ta binne gindin bango, kwata tana ba shi ruwa rani da damina, indararo kuma yana zuba mashi a ka. Wane bango ne zai bushe a haka? Ko dutse ne sai ya yi gansakuka.

Bari in faɗa maku yadda iyayenmu ke yi. Sun san ruwa shi ne abokin gabar gini, shi ya sa komai na soro an yi shi ne don a kore shi nesa. Indararo dogo ake sawa, ya watsa ruwa can tsakiyar lungu, ba gindin bango ba. Ana yi wa rufi rawani, wato ɗan gini mai tudu a bakinsa, a kewaye, a karkatar da daɓen rufin zuwa bakin indararo. Gindin bango ya fi samansa kauri nesa ba kusa ba, yana tafiya sama yana sirancewa. A waje kuma a yi dakali a jingine da bango, ba don zaman hira kaɗai ba, shi ke karɓar fallatsi da zaizaya, in ya ci a sake shi, bango na nan lafiya. Bangon gabas kuwa shi ake fara bi da yaɓe duk shekara, don hadarinmu daga gabas yake tasowa. Yaɓen nan da makuba ake yi, wato ruwan ɓawon ɗorawa, mai hali ya yi laso, wato katsi na marina da gashin jima da dafara, wani tsiro mai yauƙi. Laso yakan yi shekaru bai buƙaci komai ba. Ku je ku dubi tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda yanzu gidan tarihi ce, ginin ƙasa ne, yana nan tsaye. Ga hasumiyar Gobarau mai ɗaruruwan shekaru. Ba tsafi ke riƙe da su ba, bin su ake yi da gyara.

Na Kofar Guga:
Baba, ka faɗi da bakinka, duk shekara. Wa ke da wannan lokacin yanzu? Da akwai gayya, maƙwabta su taru a yi yaɓe a ci tuwo. Yanzu sai ka biya lebura, magina irinku kuma sun yi ƙaranci. Marina nawa suka rage da za a samo katsi? Gidan tarihi hukuma ke kula da shi, talaka shi kaɗai ne.

Baba Magini:
Wannan gaskiya ce, ɗana, ba zan musa ba, kuma tana yi mani ciwo. Laso ya yi wuya. Amma makuba na nan, jar ƙasa na nan, ramno, ciyawar da ake kwaɓa ƙasa da ita, na nan. Yaɓen bango ɗaya bai kai kuɗin rusa ɗaki a sake shi ba, balle a tsadar siminti ta yanzu. Kuma ka tambayi duk wanda ya bar ɗakin soro ya koma na bulo da kwano yadda yake kwana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ga ba wuta.

Hajiya Badauriya:
Makuba ba ta ɓata ba. Mu nan Daura masu yin daddawa suna nan, kuma ɓawon ɗorawa ne in an cire gari da kalwa. Da bazara take nuna, daidai lokacin yaɓe. A daka ɓawon a jiƙa ya kwana biyu, ruwan ya yi ja, da shi ake kwaɓa ƙasar, da shi kuma muke yayyafa wa daɓe ana bugawa. Daɓen ɗakin kakata har sheƙi yake yi, ruwa in ya zuba gangarewa yake. In ka shiga kasuwar ƙauye ka yi wa mata masu kalwa magana tun da wuri za su ajiye maka.

Ma'aikaci:
Ku gafarce ni in sa tawa a ciki. Nawa gidan na bulo ne, a sabuwar unguwa, bai kai shekara goma ba, amma fenti na ɓarewa a gindin bango ciki da waje, da farin garin nan. Ke nan bulo ma bai tsira ba?

Injiniya:
Bai tsira ba, kuma wannan ita ce amsata ga mai cewa a rushe a sa bulo. In aka rushe ɗakin Inna aka sa bulo, aka bar lungu a sama da kwata a gindi, bulon ma zai sha ruwa. Abin da ke hana ruwan ƙasa hawa bangon bulo shi ne shimfiɗar da ake yi a kan harsashi kafin a ɗora gini, wadda magina ke kira DPC, leda mai kauri ko kwalta, kuma ƙa'ida ita ce ta kasance aƙalla milimita 150, wato inci 6, sama da ƙasar waje. Da yawa ba a sa ledar, a zuba kankare kawai a ce an yi. Wasu an sa, amma daga baya aka cika tsakar gida da ƙasa ko aka yi intalok har ya haura ta, ko filasta ta sauko ta haɗe sama da ƙasa, ruwa ya bi ta cikinta ya tsallake. Ga bulon kasuwa da ake ja wa yashi da yawa, yana shan ruwa sosai, ramukansa kuma in ruwa ya shiga ta tsagar sama sai ya taru a ƙasa. Ka fara duba tsayin ƙasar waje, da fulawoyin da ake ba ruwa a jikin bango, da bututun makewayi. Akwai gwaji mai sauƙi: ka liƙa leda mai faɗin tafi biyu a bangon ta ciki, ka manne gefunanta duka da salatif, ka bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru a bayanta, ruwan daga cikin bango yake. In a fuskarta ta taru, tururin ɗakin ne, wanda a nan Katsina ba mu cika gani ba sai a makewayi da kicin marasa taga.

Ɗan Albaba:
To Injiniya, Baba, mu namu da me za mu fara? Yanzu ana tsakiyar ruwa.

Injiniya:
Fara da lafiyar mutane. Ka duba ko gindin bangon ya yi ciki, ko akwai tsaga da yatsa zai shiga, ko ƙofa da taga sun fara cijewa, ko bakin azara ya fara zamewa daga bango, ko ƙasa na zubowa daga rufi. In ka ga ko ɗaya, Inna ta bar ɗakin yau, a tokare azara da itatuwa masu ƙarfi, a kira magini ya gani da ido. In akwai soket ko waya a wannan bangon, mai gyaran wuta ya cire mata wuta.

Sai a yanke wa bangon ruwa, wannan ba ya jiran rani. A sa sabon indararo dogo, a hau rufi a share ciyawa da ƙasar da ta toshe bakinsa, a liƙe tsagogin rawani. Kwatar a sa mata bututu ko a gina ta, a janye ta daga jikin bango. Ƙasar lungu a rage ta a gefen bangon har ta koma ƙasa da daɓen ɗaki in zai yiwu, a karkatar da ita ta gangara daga bango zuwa lambatu. Amma a yi hattara ƙwarai, kada a haƙa dogon rami a jikin bangon ƙasa a lokaci ɗaya, kada kuma a zurfafa a wuce harsashi, don tsofaffin gidajen nan harsashinsu ba shi da zurfi. In lungun ba zai ragu ba saboda sauran gidaje, a ja baya kaɗan daga bango a yi ɗan rami mai gangara, a cika shi da tsakuwa, ya riƙa kwashe ruwa zuwa lambatu.

Filasta kuwa, wadda ta riga ta rabu tana riƙe ruwa a baya a cire ta a hankali, a jingina kwano daga nesa ya kare wurin daga ruwa, iska na shiga. Kada a naɗe bango da leda. Sauran a bar ta sai ruwa ya ɗauke.

Malam Na Masallaci:
Game da kwatar maƙwabci, a bi ta hanyar lalama. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma malamanmu na Malikiyya sun yi bayani mai yawa a kan ruwan da ke cutar da bangon maƙwabci, cewa ana kawar da shi. Amma sau da yawa mutum bai ma san yana cutarwa ba. Ka je da yayanka ku gaishe shi, ku nuna mashi bangon da idonsa, ku ce za ku ɗauki rabin kuɗin bututu. In abin ya faskara akwai mai unguwa. Zaman shekaru ya fi ƙarfin kwata.

Mai Tayil:
To in an gama duk wannan, me za a shafa? Ko haka za a bar bango tsirara? Akwai garin hana ruwa da ake haɗawa da siminti, wasu kuma baƙin mai suke shafawa ko kwalta.

Baba Magini:
Baƙin mai dai a bar shi, wari ne da ƙazanta, yaɓe kuma ba ya kama bangon da ya sha shi. Ga yadda nake yi. In ruwa ya ɗauke, a ɓamɓare simintin duka daga ƙasa har a wuce inda danshi ya tsaya da kamu ɗaya, ciki da waje. A kankare ƙasar da ta ruɓe har a tarar da mai ƙarfi, a kwashe ta a kai nesa, kada a sake kwaɓa ta, don gishiri ya cika ta. Sai a bar bango hunturu ya buga shi. Bango mai kauri ba ya bushewa a sati biyu, watanni yake ɗauka, mai gaggawa shi ke yin aiki sau biyu. In cin ya yi zurfi, ba a cika ramin da danƙararren taɓo a rana ɗaya, zai tsage ya faɗo. Da busasshen tubali ake cikewa, ko dutse a sahun ƙasa, kuma gaɓa-gaɓa: a gyara kamu biyu, a tsallake, a gyara wani, sai sun kama a dawo kan na tsakiya. Bayan nan yaɓe, shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya sha iska kafin na gaba, na ƙarshe da makuba. Ciki kuma farar ƙasa, ba fenti mai mai ba.

Injiniya:
Na yarda da Baba a duka, musamman zancen gishiri. Gishirin nan daga ƙasa yake, da ruwan kwata da fitsarin dabbobi da tsofaffin masai. In ruwa ya bushe sai ya daskare a cikin ƙofofin bango ya farfasa fuskar, shi ne garin da ake sharewa. Yana kuma jan laima daga iska, shi ya sa ko an yanke ruwa, in aka bar tsohuwar filasta, da damina za ta riƙa nuna jiƙa. A riƙa share shi a bushe da burushi, kada a wanke da ruwa ya koma ciki.

Inda zan ɗan bambanta da Baba shi ne dakali. Ni ina ganin a yi wa gindin bango shimfiɗar kankare siririya a ƙasa, mai gangara zuwa waje, faɗin kamar ƙafa 2, don ruwan lungu ya daina kwanciya a wurin.

Baba Magini:
A'a Injiniya, nan kam ban bi ka ba. Na ga irin wannan da yawa. Kankaren yakan rabu da bango ya bar ɗan tsagi, ruwan da ke gangarowa a jikin bango ya bi tsagin ya shige ƙarƙashi, kuma ba hanyar fita sai ta cikin tubali. Ƙasar da ke ƙarƙashin kankare ba ta bushewa. Ni dakalin ƙasa na sani, a daɓe shi da makuba, in ya ci a ƙara.

Injiniya:
Abin da ka faɗa yana faruwa, Baba, in an yi shi ba gangara ko an manna shi da bango. Ni damuwata lungu ne mai yawan bi, ga babura ga awaki, dakalin ƙasa ba zai kai ƙarshen damina ba in ba mai kula. Wataƙila a haɗa: tsakuwa a jikin bango inda ƙasa za ta riƙa bushewa, sannan gini mai ƙarfi daga can waje ya tare ruwan lungu. Sai an ga faɗin wurin.

Na Kofar Guga:
Har yanzu ni ban sauka daga ra'ayina ba. In gindin ya ci fiye da rabi, wannan duk wahala ce.

Injiniya:
In ya ci haka, ko bangon ya karkata, ni ma zan ce a sauke wannan bangon a sake shi, ba a wasa da rai. Amma bango ɗaya ake saukewa, ba gida ba, kuma a yi mashi harsashin dutse ko kankare da ya ɗago sama da lungu, a shimfiɗa leda, sannan a ɗora, ko da tubali ko da bulo. Ba za a san zurfin cin ba sai an cire filastar.

Ɗan Albaba:
Allah ya saka da alheri. Mun mayar da Inna ɗakin ƙanwata. Ba tsaga babba, ƙofa ma tana rufuwa daidai, amma da na cire wani ɓallin filasta a kusurwa na tura ƙarfe, ya shiga kusan tsawon yatsa kafin ya tarar da tauri. Maƙwabcinmu ya karɓe mu da mutunci, ya ce gobe a kawo mai famfo a auna bututu. Indararo an ba maƙeri. Yayana ya yarda a jira rani a ga abin da ke bayan filastar kafin a yanke maganar bulo. Hajiya, zan neme ki a kan makuba in bazara ta zo. Baba, akwai abin da zan duba a azara? Na ga kamar hanyar gara a kusurwar sama.

Baba Magini:
Tsawon yatsa a bango mai kaurin gindi irin na da bai kai a sauke shi ba, in dai a kusurwar ce kaɗai. Ka gwada wurare da yawa a tsawon bangon, ciki da waje, ka riƙe inda ya fi zurfi. Gara kuwa danshi take bi, kada ka raina ta. Azarar giginya ta gaske ba ta cika cinta ba, amma an sha haɗawa da wani itacen a gyare-gyaren baya. Ka karya hanyar tata, ka sami ƙusa ka soki bakin kowace azara a inda ta shiga bango. Wadda ƙusa ta nutse a cikinta ka yi mata alama da gawayi, a tokare ta tun yanzu, kada kowa ya hau rufin ta wannan gefen sai an tokare. Mai sa indararo ma ya jira a yi wannan tukuna.